Shanun Lakar Ɗana

Ɗana na fari ya kai shekara huɗu bai yi magana ba. Kunnensa lafiya lau, don ko marfin tukunya ya faɗi a bayan gida sai ya waiga. Bakin ne dai ya ƙi. In yana jin ƙishi sai ya ja gefen zanena har gindin randa, in an ɓata masa rai ya kife fuska a cinyata ya yi shiru. A gidan mijina a Jega kuwa kowa likita ne. Wannan ta ce a duba ƙasan harshensa, waccan ta ce baki aka yi masa. Ubansa ya kai shi makarantar ƙananan yara, aka ajiye shi a bencin baya, sauran suna ta rera karatu shi yana kallon taga. Abin da ya samo a can ɗaya ne, yaran unguwa suka koyi ce masa bebe.

Da cikina na biyu ya tsufa ya zo mini da wahala, sai aka yarda na tafi gidanmu Karaye na haihu a gaban Innata. Na tafi da shi, ana cikin rani, albasa ta cika ko'ina. Ranar da muka sauka Inna ta tsinko lawashi, ta gutsure kansa, ta hura. Ya yi wata ƙara mai ban haushi kamar kukan ɗan akuya. Yaron ya zaro ido. Ta miƙa masa, ya hura, miyau kawai ya fito. Ya yini yana ɓata mana lawashin miya, bakinsa sai warin albasa, har ya samu wani ya yi kuka. Ran nan na fara jin dariyarsa da ƙarfi.

Na ce wa Inna ni magana nake so ya yi, ba busa ba. Ta harare ni ta ce, "Ke dai kin cika gaugawa, awa ubanki. Baki ba a matsa mai. Bar shi shi yi wasa."

Ruwa ya sauka bayan na haihu. Yaran Karaye in damina ta kama ba su da aikin da ya wuce laka. Sukan ɗebo ta a bakin tafki, su baje a ƙofar gida, kowa ya gina garkensa: sa mai tozo, saniya, ɗan maraƙi, a soka ƙaya biyu a kai su zama ƙaho, a shanya a rana. Na farkon da ɗana ya yi ba ka ce sa ba ne, ya fi kama da dankali. Amma bai gaji ba. Yatsun da ba su iya riƙe fensir ba suka koyi murza ƙafa huɗu, suka koyi tsinko tozo. Inna takan tura masa su cikin tokar murhu in an sauke tuwo, su fito da ƙarfi, wasu baƙi wasu ja.

Ita kuma ta sa shi gaba da wasan kaka da jika. Sai ta ɗauke wanda ya fi so ta ɓoye a bayanta ta ce, "Maigidana, wanga sa na sadakina na ko? Na gode." Ya yi ta jan hannunta, ta ƙi. Kullum haka, har wata safiya ina wanka a bayan ɗaki na ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, "Nawa." Na fito da kumfa a wuya. Inna ko kallona ba ta yi ba, ta miƙa masa san ta ce, "To, marowaci, amshi abinka." Ni kuwa na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Daga nan kalmomi suka fara ɗigowa. Sa. Ruwa. Zo. Tafi. Ba mu yake gaya wa ba, shanun yake gaya wa. Yakan jera su ya kai su mashaya a murfin kwano, ya tsawata wa wanda ya faɗi, ya yi ta ƙunƙuni da su, rabi magana rabi gwalan-gwalan. In ka matso sai ya yi shiru, don haka muka koyi saurare da gefen kunne. Da kaka ta yi aka yanke dawa, yaran suka koma ƙera motoci da kara, aka taya shi ya haɗa wata doguwa ta ɗaukar shanu. A cikinta ya jera garkensa, na sa a kwali, ya rungume har Jega.

Uwar mijina, wadda muke ce wa Hajiya, tana son jikanta. Wannan ba zan hana ta ba, kuma shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kwana kaɗan da dawowarmu ta tsaya a ƙofar ɗakinta tana kallonsa a gindin bango, ya sunkuya yana ta hira da shanunsa. Ni ina jira ta yi murna. Sai ta kira ni da hannu.

"Da wa yaron ga ka magana?"

Na ce, "Da shanunsa, Hajiya. Bakin ne ya fara buɗewa."

"Ni bai ce min komi ba. Ubanai bai ce mai komi ba. Sai laka? Ina anka ɗebo lakar ga?"

Na ce bakin tafki, inda kowane yaro yake ɗiba.

"Akwai tsamiya wurin?"

Akwai tsamiya. Wane tafki ne babu itace a bakinsa? Ta dafa ƙirji ta yi salati. A wurinta lissafi ya riga ya fita: yaron da ba ya magana da mutane, yana magana da abin da aka ɗebo a gindin tsamiya, to mutanen ɓoye ne suka biyo shi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce mu mutanen ƙauye ba mu san tsoro ba.

Mijina yana fataucin albasa daga Aliero zuwa kudu, ya dawo a gajiye, ta tare shi tun a zaure. Na gaya masa nawa, na ce ya zauna minti kaɗan ya saurari ɗansa. Ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi." Na ce babban nan ba ta hango komai ba sai tsoronta. Ya ce na kama bakina.

Da hantsi washegari aka kawo wani tsoho mai magani daga bayan kasuwa. Ya sa aka zuba garwashi a kasko, ya watsa wasu saiwoyi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Aka juye shanun a ƙasa, har motar karan. Yaron ya durƙusa yana tattara su, yana tsammani faɗuwa suka yi.

Tsohon ya ce, "Shi za ya taka su da ƙahwatai. In wani yat taka, ba su rabuwa da shi."

Na yi kukan kura zan ɗauke shi, jaririya a bayana, matan gidan suka riƙe ni ta ko'ina suna ce mini haƙuri, taimakonsa ake yi. Na zage su tas, ban bar kowa ba. Ubansa ya ɗaga shi ta hammata, ya sauke ƙafarsa a kan babban san, wanda Inna take kira sadakinta. Lakar da ta sha wuta ba ta fashewa da sauƙi. Sai da ya ɗaga shi ya sake saukewa da ƙarfi. Ƙayar ƙahon ta shige masa tafin ƙafa.

Nan ɗana ya buɗe baki, da murya sarai wadda duk gidan ya ji, ya ce, "Ku bari! Nawa na! Ni niy yi su!"

Shekara huɗu ina roƙon Allah wannan rana. Magana ce cikakkiya, da kai da gindi, ta farko a rayuwarsa. Na ga ubansa ya dakata, na ce shi ke nan, ya ji.

Sai tsohon ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun jiya? Sun hito hili. Ba yaron na ba, masu shanun na ka magana. Kar ku saurara."

Hajiya ta ce, "Wallahi ba muryatai ta ba. Ci gaba!"

Ta ina ta san muryarsa? Ba ta taɓa jin ta ba. Aka ci gaba, ɗaya bayan ɗaya, yana ihu yana cewa nawa, nawa, su kuma kowane "nawa" sai su ƙara salati. Da suka ƙare aka share ɓaraguzan aka kai bola, aka ba tsohon goro, aka yi masa godiya.

Ni na cire masa ƙayoyin da allura. Bai yi kuka ba, bai kuma ce komai ba. Ya yi watanni a haka, ya koma jan zane. Hajiya kuwa tana ta gaya wa baƙi yadda aka dace, ai ga shi nan ya natsu, ya bar sambatu. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma har yau babu wanda ya ce mini ya yi kuskure. Na aika wa Inna labari, daga baya na ji ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Yanzu yana firamare. Yana magana, kaɗan-kaɗan, in an tambaye shi, idonsa a ƙasa, kamar mai jiran a ce ba shi ne ya faɗa ba. In an yi ruwa yakan kewaye taɓo da nisa, hannuwansa a baya, Hajiya tana yaba tsabtarsa.

Daminar bara ƙanwarsa ta kwaso laka a bayan gida tana ta dama ta, ta kasa fitar da komai. Na gutsuro kaɗan na sa masa a tafin hannu na ce ya nuna mata yadda ake yin sa. Na ga babban yatsansa ya motsa da kansa, har tozo ya fara fitowa. Sai ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin Hajiya. Ya yar da lakar, ya goge hannu a bango, ya kama hannun ƙanwarsa ya kaɗe tata lakar.

Ya ce mata, "Bari. Za su sa ki taka."