Lasifika a Cikin Randa

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ina saurayi, ina kaɗa jita da abokaina a Jimeta. Fayafayen Legas sun ɗauke mana hankali, waɗanda jitarsu ke kuka tana amsa kuwwa har kan mutum ya riƙa juyawa. Abokaina suka rantse sai da wiwi ake samun wannan sauti. Na yarda, har na sayi ƙulli ɗaya.

Bappa, ƙanen mahaifina mai gyaran rediyo, ya ji warinsa da na shiga shagonsa. Bai yi faɗa ba, dalili kawai ya tambaya. Da na gaya masa, sai ya ɗauko tsohuwar lasifika, ya tsaga takardarta da reza, ya zura ta cikin randa, ya haɗa da jitata.

“Kaɗa mu ji, ɗana.”

Na kaɗa. Ga kukan, ga kuwwar, ni kuma garau nake!

Ƙullin nan a kwata ya ƙare. Daga baya na ga yadda hayaƙin wiwi ya lalata biyu cikin abokan nan. Allah ya jiƙan Bappa. Har yau in na sha ruwan randa sai na yi masa addu'a.