Shekara Bakwai Bayan Yaya Umaru: A Ina 'Yarsa Za Ta Haihu?

Da daminar bana Yaya Umaru ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata namu zuwan. Duk shekarun nan ban taɓa kai maganarsa jarida ba, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagara, domin 'yarsa ta fari, Saratu, tana ɗauke da cikin fari wata takwas, kuma har makon jiya ba mu daidaita a kan inda za ta haihu ba. Zan bi maganar daki-daki, don ba na son ta cuɗe.

Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, ba kuma zan faɗi sunan asibiti ko ɗaya ba. Ba ƙarar kowa na kawo ba. Duk mai zama tsakanin Jega da Aliero da Maiyama ya sa sunan nasu ƙauyen a gurbin namu, zai ga ya shiga daidai.

Yaya Umaru manomin albasa ne, ni kuma dillalinta ne, ina zaune a Jega. Shi ya riƙe gidan mahaifinmu a ƙauye. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan aiki, wanda ba ya yabon abu sai ya ga amfaninsa. Lokacin da aka ce za a ba ƙauyenmu ƙaramin asibiti in mutanen gari sun kawo yashi da ruwa, shi ya yi kiran gayya, amalanken shanunsa ya yi ta jigila har aka kai ginin rufi.

Ranar da abin ya faru yana cikin rudu, rumfar karan da muke jibge albasa a ciki, yana tsince ruɓaɓɓu da hantsi. Ya tura hannu ƙarƙashin tari, igiyar ƙasa ta taɓa shi. Mutanenmu ba su kiran sunan maciji a irin wannan lokaci, amma waɗanda suka kashe ta sun ce kububuwa ce.

Da farko aka kai shi asibitin da ya ɗebo wa yashi. A kulle yake. Ranar kasuwar Jega ce, ma'aikacin bai shigo ba, kuma duk abin da ke da taya a ƙauyen ya tafi kasuwa. A amalanken nan nasa aka ɗora shi har bakin titi, inda na tarye su da mai babur bayan saƙo ya iso mini. Muka sa shi tsakiya, ina riƙe da shi ta baya. Daga nan muka je wani asibiti mafi girma. Suka duba shi da mutunci, ban manta ba, amma suka ce babu allurar dafin maciji a wurinsu, mu yi gaba. Muna hanya na ga jini yana fita daga dasashinsa. Ya tofar, ya ce mini, "Ka riƙe da kyau, kada in hwaɗi in ba ka kunya bisa hanya." Har a wannan hali yana neman ya sa ni dariya.

A wuri na uku aka samu allurar, bayan la'asar ta wuce. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce an makara amma za su yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma sun yi. Washegari da hantsi Yaya ya cika. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuwa taɓa jayayya da wannan ba. Sai dai addinin da ya koya mini haka shi ya umarce ni da neman magani, kuma mun nema ƙofa bayan ƙofa.

To, da Yaya zai dawo yau ya tsaya gaban asibitin ƙauyenmu, me zai gani? Zai ga an yi masa katanga da sabon fenti. Zai ga famfon burtsatse da farantan sola a kan rufi. Zai ga kowane saurayi da waya a aljihu. Ina jin zai yi murna, don ba mai ƙin ci gaba ba ne. Amma na san halinsa, tambayar da zai yi ita ce wa yake ciki. Amsar kuwa ita ce malama guda ɗaya, wadda take zuwa daga gari a kan babur, ta duba masu awo, ta yi wa yara rigakafi, ta koma bayan azahar. Ban ga laifinta ba. Ba ta da ɗakin kwana a wurin, ba ta da mai karɓarta, tana da nata iyalin. In kuwa an tafka ruwa rafin da ke tsakaninmu da titi ya kawo, ko ita ba ta shigowa, mu ma ba mu fita, sai ya janye.

Yanzu in zo ga Saratu. Tana aure a Jega, mijinta Bello mahauci ne, yaro mai ladabi. Tana zuwa awo yadda ya kamata. A awon baya aka ce jininta ya hau, ƙafafunta ma sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Malamar awo ta gaya mata da babbar murya cewa kada ta haihu a gida, kada kuma ta yi nisa da asibiti, domin irin wannan shi yake kawo jijjiga, kuma jijjiga ba ta ba da lokacin neman mota.

Al'adarmu kuwa kowa ya san ta. Cikin fari in ya tsufa, yarinya gidan iyayenta take komawa, ta haihu gaban uwarta, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in, sannan a mayar da ita ɗakinta. Al'ada ce mai kyau, kakanninmu sun yi ta ne don su tsare ran yarinya, lokacin da babu wanda ya fi uwa sanin abin yi. Amma a wurin Saratu ga abin da take nufi: a ɗauke ta daga unguwar da ke kusa da likita, a ƙetare rafi da ita, a ajiye ta inda ake kulle asibiti bayan azahar, kuma a tsakiyar damina.

Bello ya zo wurina yana murza hula. Ya ce, "Bappa, ni ba ni iya buɗa baki gaban Inna. In nic ce kada ta tahi, za a ce na raina gidan surukai. Kai ne ubanta yanzu." Gaskiyarsa ce. Saratu kuma da na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce duk abin da muka yanke. Na ga tsoro a fuskarta, amma 'yar fari ba ta musu da uwa a kan irin wannan.

Sai na tafi ƙauye wurin uwarta, Dije, matar marigayi. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji tun tana amarya, ba ta taɓa raga mini ba. Na tarar ta riga ta share ɗaki, ta tara itacen wanka har ya kusa kai tsayin danga, ta wanke babbar tukunya ta kife. Ganin haka na san aikina ba ƙarami ba ne.

Bayan gaisuwa na jera mata maganar: abin da aka ce a awo, halin rafi, halin asibitinmu. Na ce gidana na Jega ma gidan uba ne, yarinya ta dawo wurina, ita kuma ta zo ta zauna da ita ta yi mata wankan a can.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai dillali, yaushe kaz zama likita? Albasa ka sani, ita ma sai an gwada maka ruɓaɓɓa."

Na ce, "Ban zama likita ba, Yaya. Abin da likita yac ce nika hwaɗa miki."

Ta ce, "Ni cikin ƙauyen ga na haihe su dut, ba wanda yad duba min jini. Mi za a ce da ni cikin gari? A ce ɗiyar hwari ta haihu hannun baƙi, uwatta na raye?"

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, abin da ban saba yi mata ba. Na ce mutanen garin da take jin tsoron bakinsu, da yawansu suna tsaye ranar da muka ɗora mijinta a amalanke, kuma bakinsu bai buɗe ƙofar asibiti ba. Na ce ban shirya sake riƙe wani ɗan gidan nan a bayan babur ba.

Ta juya tana kallon tukunyar. Na zaci zagi zai biyo baya. Sai ta yi magana a hankali, ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, "Ba bakin mutane ad damuwata ba. Yayanka bai ga auren yarinyar ga ba, ba ya ganin jikanai. Mabiyiyatai tana bayan ɗakin can, ta ɗiyatai tana kusa da ita. In anka haihu birni, ina za a sa ta wanga? A zubar cikin shara? Shi ke nan gidan ya yanke?"

A nan na gane abin da muke ja a kai. A wurinmu mabiyiyar jariri ba abin yarwa ba ce. Wanke ta ake yi, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne, kuma inda aka binne ta nan ne gidan mutum ko da ya tsufa a wata ƙasa. Ni ina ta lissafin hanya da rafi, ita kuwa tana so jikan Umaru ya zama ɗan gidan Umaru. Na ce mata asibiti ba su hana mutum mabiyiyar ɗansa in ya nema. Na yi mata alkawari cewa ranar da aka haihu zan karɓe ta, in kawo ta ƙauye, in binne ta kusa da ta kakansa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce in tashi in tafi kafin hadari ya rufe mini hanya.

Na dawo Jega ban san matsayina ba. Kwanakin da suka biyo baya an yi ruwa mai yawa, duk wayar da ta shigo ina tsoron a ce ta aiko a ɗauki yarinya.

Kafin in faɗi yadda ta kaya, ina da magana da masu iko da lafiyar jama'a a yankinmu, kuma ba doguwa ba ce. Abu na farko, asibitin ƙauye yana bukatar mutum a cikinsa safe da yamma, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa ba. A ƙaro ma'aikaci, a yi musu wurin zama. In yashi da ruwa ne, waɗanda suka kawo na farko 'ya'yansu suna nan, za su sake kawowa. Abu na biyu, allurar dafin maciji ta sauko kusa da inda macizan suke. Manoma da makiyaya ake sara, a gona da rudu da wurin kiwo, ba a cikin birni ba. Maganar rafin kuwa na gaji da yin ta, kowa ya san inda yake, masu neman ƙuri'a ma sun sha tuɓe takalmi a bakinsa. Mu ma talakawa da namu gyaran, ba duk abin da muka gada ne zai tafi yadda yake ba. Amma kafin a ce wa tsohuwa ta bar al'ada, a zauna a ji abin da take tsaron rasawa.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na ga Dije tana saukowa daga a-kori-kura, zanenta jiƙe har gwiwa, babbar tukunyar nan ɗaure a bayan motar tare da damin itace. Na kama sauke kaya. Ta ce, "Ba don kai niz zo ba, kada kanka shi kumbura. Kuma da hannunka za ka kai mabiyiyar, kada ka aiki kowa." Na ce na ji. Da yamma Bello ya kawo Saratu, yanzu tana ɗakin da ke kusa da zaure, uwarta tana matsa mata ƙafa. Ba ta haihu ba tukuna. Jinin yana hawa yana sauka, hankalinmu bai kwanta ba, ina roƙon mai karatu ya sa ta a addu'a.

Abin da ya rage na Yaya Umaru ba shi da yawa in a ido ne: gona, da gida, da 'ya'ya, da jikan da muke jira. Amma ya bar mana wani hali, shi ne bai taɓa ɗaukar matsalar gari a matsayin ta wani ba. Wannan halin ne ya hana ni jin daɗin nasarar da na samu. Domin da muka gama shigar da tukunya, Dije ta zauna ta sha ruwa, sai ta ce mini matar maƙwabcinsu Ɗanjuma ita ma watanta ya kama, ita ma ƙafafunta sun kumbura, kuma duk danginta a ƙetaren rafi suke.

Ta ce, "Tamu tana da Bappa a Jega. Waccan wurin wa za ta?"

Tambayar da na kawo nan ke nan, gaban waɗanda makullin asibitin yake hannunsu.