Kwanson da Ya Kumbura

Ranar da sakamakon jarrabawa yaf fito na haye, wallahi ƙasa ba ta ɗauke ni ba. Tun daga makaranta har Sarandosa baki buɗe nike, duk wanda nig gamu da shi sai ya ji labari, ko bai tambaya ba.

Baba manomi na, amma da rani yana ɗan taɓa harbi. Bindigar ta yayanshi ce da yar rasu. Harsashi ba ya samuwa ko yaushe, don haka in ya harba sai ya tsince kwanson ya sake ɗura mishi albarushi. Kwana biyu kwansunan sunka fara fitowa a kumbure, wani har da tsaga a gindi. Ya ɗora ma Inna laifi, wai ita ta aje su kusa ga randa sunka sha sanyi.

Ran kasuwar Jega na raka shi wurin wani maƙeri abokinshi. Maƙerin yas sa sabon harsashi cikin bindigar, yag girgiza ta kusa ga kunne. Muna jin shi yana ƙwal-ƙwal a ciki.

"Sarkin baka, ba randa ba ta. Mazaunin harsashin ne ya cinye, ya yi faɗi. Kwanso na samun wurin buɗewa. Rataye ta."

"Kai dai tsoro gare ka tun muna yara," in ji Baba.

"Ni da tsorona ido biyu gare ni. Rataye ta, na ce."

Baba ya ji magana, ya rataye ta. Ni na ɓata abin. Ina ta zuba a tsakar gida, wai ɗan gidan wane rago anka yanka mishi da ya haye, ni ko zabon daji ɗaya ba a iya yi min? Da wasa nike, Allah ya sani. Baba na kallon bangon da yar rataye bindigar.

Wanshekare da hantsi munka ji ƙarar bindigar daga bayan gonar gero, ba irin wadda munka saba ji ba. Masu ɗaukar albasa sunka kawo Baba, rawani naɗe a fuska. Idon dama ya tafi.

Da anka sallamo shi daga asibiti, yaj jawo hannuna.

"Ɗan boko, na fa same shi, zabon naka. Waɗanda sunka ɗauko ni ne ba su tsaya nemanshi ba."

Kwanson na nan cikin akwatina, a tsage har baki.