Ranar da Ya Falmata Ta Kai Ni Ƙara Saboda Duna

Damina goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayata Falmata makwancinta, a tudun bayan tungarmu, inda ruwan kogin Haɗeja ba ya kaiwa ko a shekarar da ya fi cika. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Kakanninmu daga Barno suka zo, shi ya sa ba ma ce mata Yaya, sai Ya Falmata. Ita ta goye ni bayan mahaifiyarmu ta rasu, ita ta saƙa tabarmar da na fara zama a kai gaban malamina, kuma ita ce ta kai ni gaban alƙali a birni saboda kare.

Matasan yanzu sun san wannan labari, amma abin dariya suka ɗauke shi. In mace ta cika ƙorafi a kan ƙaramin abu, sai ka ji an ce, "Ke kuma Falmata mai ƙarar kare ce?" Suna faɗa a gabana, domin yawancinsu ba su san wanda aka kai ƙarar ba. Tsohon malami kawai suke gani, mai furfura da tasbaha. Na yi shiru shekaru ina bari ana yi da ita, ni ina cin girma. Yau na dama tawada na fiƙe alƙalami domin wanda ya karanta, ko aka karanta masa, ya san yadda abin ya kasance.

Mijinta, Mamman, maharbi ne. Da ya rasu bai bar mata komai ba sai kwari da baka, da tarkon ƙarfe, da baƙin kare mai farin ƙirji da suke kira Duna. Karen nan shi ke raka ta fadama, shi ke kwana a bakin ɗakinta. In ta kankare tukunya, ƙanzon nasa ne. In ta gyara kifi, kawunan nasa ne. Ban taɓa jin ta ce tana son sa ba. Cewa take yi, "Mai gidan nan ya bar shi a hannuna."

Wata damina 'yarta ta haihu a wani gari gabas da mu, aka zo a tafi da ita wankan jego, kwana arba'in. Gidan surukan ba a shiga da kare. Da hantsi ta jawo shi har ƙofar zaurena ta ce, "Bukar, ga Duna, amana. Ba shi da ci. Abin da ka rage a akushi ya ishe shi."

Na ce, "To, Ya. Allah Ya kai ku lafiya."

A lokacin ina kwafe wani littafin fiƙihu, mutane kuma sun fara zuwa wurina a rubuta musu wasiƙa ko shaidar aure. Sunana ya fara fita, ni kuma na fara jin daɗin fitarsa. Duna ya mayar da ƙofar zauren wurin kwanciyarsa. Kwana biyu sai wani baƙo daga birni ya tsallake shi ya shigo yana dariya, ya ce, "Malam, sabon ɗalibi aka yi? A wane babi yake?" Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ina da gonar shinkafa a fadama, da ɗan tudu a tsakiyarta mai itacen giyayya guda. Gyado, aladen daji, yakan shiga ya yi ɓarna. Sai na ce wa kaina, ai kare na gadi ne, ga wurin aikinsa. Na kai shi na ɗaure a gindin giyayyar da igiyar kaba. Kafin la'asar ya tauna igiyar ya dawo, ya kwanta a ƙofar zaure yana kaɗa mini wutsiya. Washegari na shiga ɗakin Ya Falmata na kwance sarƙar tarkon Mamman, na koma da shi na ɗaure. Da sarƙar ubangidansa na ɗaure shi. Ruwan hanyar a ranar bai wuce idon sawu ba.

Kwana uku ina kai masa abinci. A na huɗu kogi ya kawo. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda yake yi: ka kwanta da fadama, ka tashi da tafki. Hanyar tudun ta nutse fiye da tsayin mutum, ga ciyawar burgu da kwalekwale ba ya ratsawa. Ba a isa can sai da gora, wato babbar ƙwaryar nan da masunta ke kifawa a ruwa su kwanta rub da ciki a kanta, suna tuƙi da hannu da ƙafa. Na iya hawan gora tun ina ƙarami, akwai kuma guda biyu a gidanmu. Amma mai hawan gora sai ya tuɓe riga da rawani, ya rage daga shi sai bante, ya bi ta gaban mata masu wanki da masunta masu gyaran homa. Na tsaya a bakin ruwa da ƙwaryar ƙanzo a hannuna, na hango kaina a haka, Malam Bukar marubuci, ciki a kan gora, yana kai wa kare abinci. Na juya na koma gida. Na ce gobe ruwa zai ja.

Da na aiki wani masunci da ya je. Ban aika ba, domin aikawa faɗa ce cewa ni na kasa. Haushinsa yana tsallako ruwa ya same ni a zaure ina rubutu. Wani maƙwabcina ya ce, "Malam, karen nan fa kuka yake yi." Na ce, "Gadi yake yi." Ya ɗauka ina kai masa abinci da asuba, ni kuma ban gyara masa zato ba. Haushin ya koma kuka, kukan ya siririce. Wata rana ina tsakiyar shafi na lura ba na jin komai. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyin rubutawa: da na ji shirun nan, sauƙi na ji.

Ya Falmata ta dawo ranar da ta ce. Ba ta ajiye kayanta ba ta tambaya. Na fara zancen ruwa da gyado. Ta dube ni, ta ɗaura zanenta a ƙirji, ta ɗauki gora. Mace mai jikoki, da rana tsaka, a gaban kowa. Ta daɗe can. Da ta dawo, sarƙar ce a hannunta, zoben wuyan yana nan a ƙulle yadda na ƙulle shi. Ta wuce ni ta shige ɗakinta. Washegari ta kama hanyar birni, tafiyar rabin yini, a ƙafa. Dangi suka bi ta suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ba yankewa za ta yi ba, wankewa za ta yi.

Zauren alƙali ya cika ranar da aka kira ni, domin labari ya riga ni shiga ganuwa. Wani daga baya ya ce, "Yau kare ya samu wakiliya," aka yi dariya. Alƙalin, dattijo ne mai sanyin murya, bai yi dariya ba. Ya ce ta faɗi abin da ta gani. Ta ce ta tarar da ƙasar gindin giyayya ta zama da'ira, iyakar tsawon sarƙar, babu ko tsinken ciyawa a ciki. Ɓawon itacen an gwaguye shi har inda bakin kare yake kaiwa. Ruwa yana kusa, ya sha har ƙarshe, yunwa ce ta kashe shi. Kuma ya mutu fuskarsa tana kallon tungarmu. Daga nan ba a ƙara jin dariya ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Duk da haka na gwada. Na ce ni mai riƙe takardu masu tsarki ne, ina gudun najasa. Alƙali ya ce, "Malam Bukar, littafin da kake kwafewa, me ya ce a kan kare mai rai a mazhabarmu?" Na sunkuyar da kai, domin da hannuna na rubuta babin, na san ba najasa ba ne. Ya ce, "To me ya hana ka?" Na ce, "Kunyar gora, Allah Ya gafarta malam." Wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake yi wa mutane wa'azin amana, ban taɓa jin ɗacin kalmar ba sai ranar.

Alƙali ya ce karen gadi yana da ƙima, zai sa in biya ta. Ta ce, "Allah Ya gafarta malam, ban zo sayar da shi ba. Ba ya magana ne, na zo in faɗa a madadinsa." Sai ya hukunta cewa in hau gora da rana in je in binne shi da hannuna, kuma ba za a karɓi shaidata ba, ko ta baki ko ta rubutu, har shekara ta kewayo. Ya ce wanda dabba ba ta tsira daga amanarsa ba, a dakata da amincewa da shi a kan mutane. Na hau gorar. Tafiyar da na guje wa sama da wata guda ba ta kai tsawon karatun hizifi guda ba.

Ta rayu shekara tara bayan haka. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta daina aiko mini da tuwo ba. A shekarar da zaurena ya zama kufai, ita kaɗai ke shigowa ta zauna tana kaɗi. Amma ba ta sake barin komai nata a hannuna ba, ko kaza. In za ta yi tafiya, maƙwabta take kai wa. Na gani, ta san na gani, ba mu taɓa zancen ba.

Yanzu tungarmu ta zama gari, fatake suna ratsa ta da kanwa da gishiri. Nakan zauna in ga jakunansu suna wucewa, bayansu duk gyambo, an ɗora kaya a kan gyambon. Nakan tambayi kaina me za ta yi da tana nan. Na sani. Za ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe igiyar jakin farko har sai an sauke. Ni sai in yi magana daga kan buzuna, a ce "To, Malam," a wuce. Da ta ga takardar nan ma, ina jin cewa za ta yi, "Bukar, ka iya rubutu tun da can. Tashi ne ba ka iya ba."

A ciwonta na ajali na je bayan la'asar, na tarar an jingina ta da bango. Na durƙusa na ce, "Ya, ki yafe mini maganar Duna." Shekara tara ina ɗauke da kalmomin nan, sai ranar suka fito. Ta ɗora hannunta a kaina kamar yadda take yi ina yaro, ta ce, "Nawa na yafe tun a hanyar dawowa daga birni. Na karen kuma ba a hannuna yake ba, Bukar."

Kwana biyu bayan haka ta cika. Ba ta bar gona ba, ba ta bar littafi ba, sunanta ma a bakin mutane ya koma ba'a. Abin da ta bari shi ne wannan: a zaure cike da maza masu karatu, ita da ba ta san alif ba ta tsaya wa halittar da ba ta da baki, kuma a kan ƙanenta da ta goya. Ta ƙaunace ni ƙaunar da ta hana ta yi mini ƙarya, har a shimfiɗar mutuwa, inda ƙarya mai daɗi ta fi sauƙi.

Ita ta tafi da haƙƙinta a warware. Ni ina nan da wanda ba mai iya yafe mini shi a bayan ƙasa, ina jiran ranar da za a ba kowace dabba baki. Wanda takardar nan ta iso gare shi, ya roƙa wa Falmata aljanna. Ni kuwa ya roƙa mini Allah Ya sa Duna ya fi ni tausayi.