Tanko da Matuƙin Jirgin Taurari

Tanko masunci ne a tafkin Madarumfa. Bai yi boko ba, kuma hakan bai taɓa damunsa ba sai da matarsa Hafsatu ta kamu da karatun littattafai a salula, labaran mutanen da ke zuwa wasu duniyoyi cikin jirage. In ta gama littafi, sai ta naɗi murya ta tura wa ƙawayenta ra'ayinta.

Yakan zauna gyaran koma a tsakar gida, yana jin ta tana yabon wani matuƙin jirgi, wai jarumi ne mai haƙuri. Abin ya riƙa cin ransa. Shekara da shekaru yana tuƙa kwalekwale, ba ta taɓa yabon tuƙinsa haka ba.

Wata rana ya kasa daurewa. Ya ce, "Wai shi wannan matuƙin naki, ya taɓa shiga ruwa ana iska?"

Ta yi dariya. "Haba Maigida, ai babu shi, ƙirƙira ce."

"Na sani. Karanta mini in ji."

Ta karanta masa har ƙarshe. Ya taɓe baki ya ce mutumin bai burge shi ba, amma washegari shi ya fara tambayar littafi na biyu.