Ƙwan Inna Hari da ruwan bokiti

Jama'a, yau na tafka abin kunya!

Kun san Inna Hari, Bafillatanar da ke kawo min ƙwan zabi daga Sule Tankarkar? Ɗazu ta kawo talatin. Na jawo wani bokiti mai ruwa a tsakar gida na zuba su in gwada, tunda mai kyau nutsewa yake, bara-gurbi kuwa ya taso. Wallahi duka suka taso sama!

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna, ni za ki kawo wa ruɓaɓɓe?"

Ta ce, "'Yata, jiya na kwaso su."

Na ce ta kwashe kayanta. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta fita.

Sai ga maigida ya shigo, wai wa ya taɓa masa bokiti? Ashe gishirin Maigatari ya jiƙa a ciki, zai yayyafa wa raguna a harawa! Ya ce ruwan gishiri nauyi gare shi, ko ƙwan yau ɗaga shi zai yi.

Na ɗanɗana. Gishiri zalla!

Na zari mayafi na bi Inna Hari har bakin tasha, ta riga ta hau mashin ta tafi. Shekara shida tana kawo min, ko lambarta ba ni da ita.