Ranar da Na Soki Buhun Tsohon Gammo

Sana'ata sayen wake da masara a hannun manoma, in tara a sito a Gwarzo, in jira masu manyan motoci. Da kwano ɗaya na fara a gindin bishiya, ina auna wa mata. Yau ina da sito biyu da mota tawa, kuma ba gado na ci ba. Na faɗi haka ne don a san cewa mai ba da labarin wautarsa a nan ba yaro ba ne, kuma kafin abin ya faru har shawara ake zuwa nema wurina.

Duk mai sayen hatsi yana da ɗan ƙarfe mai tsini, cikinsa rami kamar bututu. Idan an sauke buhu sai ka soka shi a tsakiya ko can ƙasa, ƙwayar da ke ciki ta zubo maka a tafin hannu. Dalili kuwa, bakin buhu kullum kyakkyawa ne. Tsakuwa da dusa da waken da ƙwari suka huda, a ciki suke kwana. Ba wanda yake jin haushin ƙarfen nan. Haka aikin yake, ko buhun limami ne ana soka shi.

Amma kowane ɗan kasuwa yana da mutum ɗaya ko biyu da ba ya soke musu buhu. Nawa wani dattijo ne daga Gammo, can ɓangaren Kabo. Shi ne manomi na farko da ya taɓa kawo mini buhu guda cur, lokacin da sauran suke ganin ban kai ba. Shekara ashirin da ɗaya yana kawo mini wakensa, ban taɓa samun ko tsakuwa ɗaya ba. Idan kayansa suka iso, 'yan dako kai tsaye suke shiga da su sito. Duk layinmu an san haka. Shi kuma sai ya zauna a bencina, a kawo masa fura, yana kallon yadda ake soke buhunan wasu, fuskarsa a sake. Bai taɓa cewa yana alfahari da wannan ba, amma ya fi daɗewa a bencin nan ranar da masu kawo kaya suka yi yawa.

Littattafan kuwa ta hannun wani malamin sakandare suka shigo mini. Ɗan kudancin Kaduna ne, Kirista, ya daɗe a Gwarzo har ya fi ni sanin wanda ya auri wa. Matarsa tana sayar da alale, shi yake zuwa ya auna mata wake, daga nan ya zarce da zama. Kullum da wani ƙaton littafin Turanci a hannunsa, bangon ya yage. Ni a lokacin abin da na sani game da littattafan labari shi ne wanda uwargidana take saurare a waya tana tsintar shinkafa, saurayi yana kuka, budurwa tana kuka, iyaye suna hana su kukan tare. Na tambayi Malam ko nasa ma na masu kukan ne. Ya ce a nasa ba mai son kowa, kuma har yanzu bai gane wanda zai yarda da shi ba.

Sai ya fara ba ni labarin da Hausa, babi ɗaya kowace rana bayan la'asar. Wani mutum ne yake ba da labarin kansa. Mai ladabi, mai ziyarar marasa lafiya, wanda maƙwabta suke ba wa ajiyar mabuɗin gida idan za su yi tafiya. Yana faɗa maka yadda mutane suke cutarsa, kana tausaya masa, har kana jin haushin maƙwabtan. Sai kusan tsakiyar littafin ya ambaci wani ɗan abu a gurguje, kamar ba komai ba, ka tsaya ka ce a'a, to ai wannan bai dace da abin da ya faɗa shekaranjiya ba. Daga nan ka gane cewa tun shafin farko ƙarya yake shirga maka, kuma ya fara yi wa kansa ita kafin ya yi maka. Ba harbi, ba gudu da mota. Mutum ne kawai da abin da ke cikin kansa. Ranar da muka kai wurin nan, mai mota ya zo ɗaukar masara na sa shi jira har Malam ya gama babin.

Da muka gama wannan, Malam ya nuna mini cewa akwai masu rubuta irinsu da Hausa a waya. Na sayi tabarau saboda su, abin da likita ya shekara biyu yana roƙona in yi.

Na sha tambayar kaina me ya kama ni a labaran nan, tun da ba daɗi a cikinsu, kuma yawanci mugun ba ya ma shan hukunci. Ina ganin amsar a sana'ata take. Shekara talatin ina kallon fuskokin mutane ina ƙoƙarin gane abin da suke ɓoyewa, kuma sau da yawa ba na taɓa sanin ko na canka daidai. Littafin kuwa sai ya buɗe maka kan mutum ya ce shiga ka zauna. Ka ga yadda yake shirya murmushinsa tun daga gida. Akwai kuma wani dalilin da ban faɗa wa Malam ba. A shekarun farko, lokacin ina fafutuka, na taɓa yayyafa wa masara ruwa don ta kumbura ta cika kwano. Ba sau ɗaya ba. Na tuba tuntuni, amma ban manta irin fuskar da nake sakawa idan zan sayar ba: gaisuwa mai tsawo, tambayar lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙari a kan kwano. Mutumin cikin littafin haka yake yi. Na gane shi ne kamar yadda ake gane tsohon abokin makaranta.

Cikin wata uku na zama masanin zukata. Idan maƙwabcina ya gaishe ni da fara'a sai in tambayi kaina me yake nema, idan ya gaishe ni a daƙile sai in ce ya riga ya samu. Wata rana uwargida ta sa mini nama ya fi na kullum, na zauna ina kallonta ina juya cokali. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce ina so in san dalilin naman. Ta ɗauke kwanon ta ba yara, ta ce dalilin ya wuce. Ladanin unguwarmu ma bai tsira ba, don na lura yana yin tari sau biyu kafin kiran salla, na kwana biyu ina neman ma'anarsa.

A cikin wannan halin kaka ta yi, tsohon Gammo ya iso da buhu talatin na wake a bayan a-kori-kura, ranar kasuwa, layinmu cike da mutane. Abu huɗu na lura da su kafin ya gama sauka daga mota. Yana ta murmushi, shi da ba mai yawan fara'a ba. Ya kawo mini zabi biyu kyauta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba zai zauna shan fura ba, sauri yake. Sannan ɗinkin bakin buhunan ba nasa ba ne. Na san ɗinkinsa, ƙanana ne a jere kamar na tela, waɗannan kuwa manya ne a karkace. A kowane littafi da na karanta, biyu daga cikin waɗannan sun isa a tono gawa a bayan gida.

'Yan dako sun riga sun ɗora buhun farko a kai. Na ce su sauke. Na ɗauko ƙarfen na soka a tsakiya. Wake ya zubo fari tas. Na soka a ƙasa, haka. Da na tsaya nan, wataƙila da an ce wasa ne. Amma na karanta cewa mai wayo yakan sa na kirki a gaba, don haka na sa aka sauko da na can ƙarshen motar. Sai da na soki buhu tara. Har masu awo a layin suka dakata da kwano a hannu.

Murmushin ya riga ya bar fuskar tsohon. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, saura ashirin da ɗaya," ya ce. "Ka ƙarasa, kada zuciyarka ta kwana da su."

Na ce a'a Baba, ya isa, dama dubawa ce kawai. Ya ce ai dubawar ce yake so a gama. Ya tsaya a rana, ya ƙi benci, har na soke su duka talatin a gaban jama'a. Aka yi ciniki, ya yi sallama da kowa a layin ɗaya bayan ɗaya, ya hau mota. Zabin nan biyu suna ɗaure a ƙofar sito suna kallona.

Ƙanin tsohon ne ya warware mini komai bayan kwana biyu, da na tare shi a Kabo. 'Yar farin tsohon ce ta haihu bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa, kuma washegarin ranar ne suna. Dattijo irinsa ba zai buɗe baki ya ce 'yar farinsa ta haihu ba, ko sunanta ba ya kamawa. Zabin su ne sanarwar. Ya so in tambaye shi na mene ne, ya ce ba komai, ni kuma in gane in yi masa barka a kaikaice. Ɗinkin kuwa, idonsa ne ya fara rauni, ba ya ganin kafar basilla, ƙanin ne ya ɗinke masa. Duk wannan abu ne da jahilin ƙauye zai gane a tsaye. Ni ma da shekara guda kafin nan ne da na gane shi, kafin in yi ilimi.

Na ba Malam labari ina neman ya ɗauki rabin laifin. Ya ƙi. Ya ce shi shekara ashirin yana karanta littattafan nan bai taɓa bincika tukunyar matarsa ba. Ya ce marubucin yana zaɓen mugu ɗaya ne daga cikin gari guda ya sa masa fitila, ni kuma na ɗauki fitilar na bi gari da ita gida gida.

Ban je suna ba, don ya wuce. Na bari aka kwana bakwai, na sayi turmin atamfa da sabulu da goro, na tafi Gammo da hantsi. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ya karɓe ni da kyau, aka shimfiɗa tabarma, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake wata. Ya aika da kayan cikin gida ba tare da ya tambayi na wane ne ba. Sannan na ce na zo neman gafara, kuma don ya san ba wani ne ya kai mini gulmarsa ba, na faɗa masa gaskiya: littafi ne. Ya ce wane irin littafi, na addini? Na ce a'a. Ya ce to in ba shi labarin.

Haka na zauna, ni da furfurata, ina ba dattijo labarin Bature mai ajiyar mabuɗan maƙwabta. Ya saurara har ƙarshe, igiyar tana hannunsa. Ya yi tambaya biyu, ko mutumin yana da gona, da ko yana da 'yan'uwa a garin. Na ce babu ko ɗaya. Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano ciwo.

"To ni a ina na shigo cikin labarin?"

Na ce bai shigo ba, ni na shigar da shi.

Ya ce babu abin yafewa. Mai saye yana da ikon duba abin da zai saya, ko a shari'a haka ne, kuma shi ne ya yi sakaci da ya bari aka shekara ashirin ba a duba ba.

"Ciniki ne, Alhaji. Ai ba zumunci ba ne."

Na so ya zage ni. Na roƙe shi, na ce ya ɗauke ni ɗansa da ya yi kuskure. Ya ce Allah ya shi albarka, ya raka ni har bakin mota, ya ce in gaida iyali.

Bai kai wakensa wurin kowa ba, ko da yake na san 'yan kasuwa biyu a Kabo da suka bi shi har gida da suka ji labari. Da kaka ta zagayo sai ga a-kori-kura a ƙofar sitona, ranar kasuwa, da buhunan a tsaitsaye, bakin kowanne a buɗe, an ɗan naɗe shi kawai. Ƙaninsa ne ya rako kayan. Ya miƙo mini basilla da ƙullin zare, ya ce yayansa ya ce a gaishe ni, kuma in na gama dubawa in ɗinke da hannuna, don ya san ɗinkin wani ba ya kwanta mini.

Kaka uku ke nan haka suke zuwa. Ba na duba komai, amma buhu ba ya shiga sito da baki a buɗe, kuma saƙon ya ce da hannuna. Sai in tattare babbar riga in tsuguna a bakin layi, masu awo suna yi mini sannu da aiki, in ɗinke su ɗaya bayan ɗaya. Bana talatin da huɗu ne.